Na ce da Baffana "mai kawo mana albasa"

TAMBAYA

Assalamu alaikum Gwaggo. Ni saurayi ne ɗan shekara 29, ina zaune a Idi-Araba a Legas, ina aiki a wani kamfani a Victoria Island. Ina aji uku a firamare mahaifina ya rasu, ƙaninsa ya ɗauke ni ya riƙe. Albasa yake sayarwa a kasuwar Mile 12, da kuɗinta ya yi min makaranta har na gama jami'a. Sati uku da suka wuce ya dawo daga gida, Inna ta ba shi saƙo ya kawo min, sai ya biyo ta ofishinmu bai kira ni ba. Masu gadi suka tare shi a ƙofa suna ta "aboki, aboki". Da na sauko na same shi da kaftaninsa na kasuwa da silifas, riƙe da leda, ga abokan aikina biyu a tsaye. Ɗayansu ya tambaye ni ko wane ne, sai kawai na ji bakina ya ce, "Mai kawo mana albasa ne." Da Turanci na faɗa, amma Baffa ya haura shekara talatin a Legas, yana ji sarai. Bai ce komai ba. Ya miƙo min ledar, ya ce "Allah ya yi albarka," ya juya. Tun ranar na kasa kiransa, shi ma bai kira ba. Gwaggo, kin san garin nan, da abin da ido ya gani ake auna mutum. Ni kaɗai ne Bahaushe a sashenmu, da ƙyar na samu suka daina yi min kallon ɗan ƙauye. Wani abokina ya ce mutuncin aikina na kare, ba laifi. In ba laifi, me ya hana ni barci? Yaya zan yi?

Ɗanki, daga Idi-Araba

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗana. Sau uku na karanta wasiƙarka kafin na iya zama in ba ka amsa. Ka yi laifi, babba kuwa, kuma ka sani, shi ya sa barci ya ƙaurace maka. Abokin naka so yake ya sanyaya maka zuciya, amma bai gaya maka gaskiya ba. Ni kuwa tunda ka kira ni Gwaggo, yadda zan yi wa wanda na goya haka zan yi maka magana.

Abin da ka faɗa game da Legas ban musa ba. Ina amarya aka kawo ni Agege, a nan na haihu, a nan na aurar, yau ga jikoki. Na san kallon da kake nufi. Na san yadda muryar kwandastan danfo, motar hayar garin nan, take canzawa in ya ga hula da kaftani. Kalmar "aboki" a bakinmu mai daɗi ce, da ita kake kiran wanda kuka sa hannu kwano ɗaya. A bakin wasu a garin nan ta zama sunan duk wanda aka ɗauka bai waye ba: mai gadi, mai ruwa, mai wankin takalmi, mai yankan farce, ɗan acaɓa. Ba kowa ke faɗarta da raini ba. Ina da maƙwabciya Bayarabiya da muka shekara da yawa katanga ɗaya, ita ta ɗauka gaisuwa ce kawai, sai da na zaunar da ita na yi mata bayani. Amma mai raini daga muryarsa ake gane shi.

Kuma ba jiya muka zo garin nan ba. Tun 1863 Bature John Glover ya tara Hausawa a Ikko, wato Legas, ya kafa runduna da su, wadda daga cikinta sojan Najeriya da 'yan sandanta suka samo tushe. Da jirgin ƙasa ya haɗa Legas da Kano a 1912, fataken goro suka ƙara kwararowa, Agege ta cika da su har ta zama gida. Duk da haka jikan jikan waɗancan fatake, wanda aka yanke wa cibiya a nan, yana iya fita titi yau a tambaye shi yaushe zai koma garinsu. Ranar 1 ga Yunin 2022 da gwamnatin jiha ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja da Surulere da Apapa, na ji irin maganganun da aka riƙa yi a cikin mota, kamar duk yaron Arewa da ya hau babur ɓarawo ne. Haɗura sun faru, gaskiya ne, kuma akwai ɓata-gari. Amma ni na san yara a layinmu da babur ɗin nan suke ciyar da iyaye a ƙauye, ko allurar wani ba su taɓa ɗauka ba. Don haka tsoron da ya kama ka a bakin ƙofar nan na san inda ya fito.

To amma ɗana, masu gadin nan ba su san Baffa ba. Kaftani suka gani da silifas, suka yanke hukunci. Kai fa? Kai ka san hannun da ya ƙirga kuɗin rajistarka. Ka san ranakun da ya ci garau-garau don ka sayi littafi. A wurin nan mutum ɗaya ne kaɗai yake da shaidar da zai bayar a kansa, shi ne kai, sai ka bi bayan waɗanda ba su sani ba. "Aboki" ɗin masu gadi ya saba da ita, shekara talatin yana shanta, ta daina yi masa zafi. Taka ce bai taɓa sha ba.

Ka fi ni sanin Mile 12, tunda da kuɗinta ka girma, amma bari in tuna maka. Tirela takan taso daga Aliero ko Sakkwato ko Kano, ta kwana biyu ko fiye a hanya, ta iso cikin dare. Albasa ba ta son zafi ba ta son laima, in mota ta lalace a hanya ko ruwa ya shiga buhu, sai mutum ya kwance kaya ya tarar rabi ya ruɓe, asara kuma tasa ce. Kafin kiran assalatu 'yan dako sun fara sauke buhuna, dillali yana tsaye, mata masu sari sun iso daga ko'ina cikin gari. Da yawan cinikin nan bashi ne, babu takarda babu sa hannu, maganar baki ce kawai, kuma mutum ba ya shekara talatin a irin wannan wuri sai in maganarsa tana da nauyi. A ƙarshen Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, da ƙungiyar masu fataucin abinci da dabbobi ta tsayar da kai kaya Kudu na kusan mako guda, kowa a Legas ya ga yadda tumatur da albasa suka yi tashin gwauron zabo. Har abokan aikin nan naka biyu, tukunyar gidansu ta ji a jikinta.

Sai dai ina so ka kula da wani abu, don shi ne ya fi damuna a duk maganar nan. In aka raina mu, amsar da muka saba bayarwa ita ce, "Ai Ɗangote ma aboki ne." Sai mu nuna matatar mansa da ke Lekki, wadda aka buɗe a Mayun 2023, mai iya tace ganga 650,000 a rana. Ko kuma mu ce, "Kada ka raina mai albasar nan, yana da gida uku a Kano, ya je Makka sau biyar." Ni ba na son wannan amsa. Duk wanda ya ba da ita ya riga ya yarda cewa da dukiya ake auna mutum, gardamarsa kawai ita ce an yi kuskure wajen awo. To in Baffa ba shi da gida uku fa? In ɗaki ɗaya yake haya, jarinsa bai wuce buhu biyar ba? Sai ya halatta a ce masa mai kawo albasa?

Ba daga littafi na koyi wannan ba, a tsakar gidana na koya.

Ranar walimar 'yata ta biyu, gida ya cika, an kafa rumfa a layi, mata sun sha leshi da gwala-gwalai. Ni ce uwar biki, ni ke cewa wance ta shiga ɗaki, wance ta zauna a rumfa. Can wajen la'asar sai ga wata tsohuwa ta yi sallama, atamfarta ta koɗe, mayafinta da ƙura, ƙafarta duk faso. Ban tambaye ta daga ina ba. Na ce wa yarinya ta zuba mata shinkafa a leda, ta nuna mata benci a waje inda masu bara suke zaune. Ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ta je ta zauna. Ana dab da magariba sai na ji hayaniya, dangin ango suna neman wata, sun kira tasha, sun aika yara bakin titi. Ashe ita ce. Yayar mahaifiyarsa ce, ita ta raine shi bayan an yaye shi, ta kwana a mota daga ƙasar Katsina don ta ga auren ɗanta. A bencin nan suka same ta da ledarta a cinya, ko buɗewa ba ta yi ba.

Na durƙusa na ba ta haƙuri, hawaye na zuba. Ta ce, "Haba 'yar nan, ai kin ba ni abinci." Shi ke nan abin da ta ce. Na daɗe ina ɗauka kunyar da na ji ranar ita ce tubana. Sai bayan shekaru, wata rana ina zaune bayan sallar asuba, na tambayi kaina: da a ce da gaske mai bara ce, da na sake tunawa da ita? Wallahi da ban tuna ba. Sauran matan da ke kan bencin nan, waɗanda ba su zama yayar kowa ba, har yau ban san fuskar ko ɗaya ba. Ashe abin da ya ƙona ni ranar, na wulaƙanta wadda take da masu nema ne. Daga nan na gane tuban nawa da saura.

Shi ya sa in muna kukan yadda ake kallonmu a Legas, nake so mu riƙa waiwayowa gida. Mu ne muke ce wa mutum "Alhaji" da mun ga babbar riga ta gezna, ko bai taɓa ganin filin jirgi ba. Mu ne muke miƙewa tsaye mu ce "ranka ya daɗe" in mai mota ya shigo ɗaurin aure, dattijon da ya tako da ƙafa kuwa a bar shi yana neman gefen tabarma. Mu ne har yau muke tambayar asali in an zo neman aure, mu ce wannan ɗan mahauta ne, wancan ɗan wanzamai, wancan jikan maƙera, alhali ba gidan da ba ya cin nama, ba jaririn da ba a kira wa wanzami, ba gonar da ake nomawa ba fartanya. Ranar da ka ji kunyar Baffa, ba Yarbawa kaɗai suka koya maka ba. Da rabonmu a ciki.

Kada ka ɗauka cewa nake sutura ba komai ba ce. Ka sa kwat ɗinka ka je aiki fes, hakan ya dace. Kuma a garin da ake shiga motar 'yan fashi a zaton danfo ce, dole ido ya yi aikinsa, dole mutum ya lura. Sai dai ka tambayi duk wanda ɗan damfara ya taɓa wankewa, zai gaya maka wanda ya cuce shi ya fi kowa iya sa kaya da iya magana. Ido yana gaya maka abin da mutum ya sa ne yau da safe. Halinsa kuwa sai an zauna, sai an yi ciniki, sai an yi tafiya.

Addininmu bai bar wannan a duhu ba. Akwai hadisi a Muslim inda Manzon Allah (SAW) ya ce wanda yake da girman kai daidai da ƙwayar zarra a zuciyarsa ba zai shiga Aljanna ba. Wani ya ce ai mutum yana son rigarsa ta yi kyau, takalminsa ya yi kyau. Sai ya amsa masa cewa Allah mai kyau ne, yana son kyau, girman kai shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. Ka ga kwat ɗinka ba ta shiga ciki ba, maganarka ce ta shiga. Ka kuma tuna dalilin saukar Suratu Abasa. Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makaho, ya zo da tambaya a lokacin da Annabi (SAW) yake zance da manyan Ƙuraishawa yana kwaɗayin su musulunta. Niyya ce mai kyau, ba neman duniya ba, amma duk da haka Allah ya saukar da ayoyi a kan juya wa makahon nan fuska, muna karanta su a salla har gobe. Daga baya wannan makaho ya zama ladani a Madina, har akan bar masa garin ya ja salla in an fita. In kyakkyawar niyya irin wannan ba ta zama uzuri ba, ina ga tsoron dariyar mutum biyu a bakin ƙofar ofis?

Yanzu ga abin da zan ce ka yi. Kada ka kira shi a waya, kada ka tura saƙo, kada ka aiki Inna ta roƙa maka. Ka tashi da sassafe ka tafi Mile 12 da ƙafarka, kuma ka je da irin kayan da kake zuwa ofis da su, takalminka ya taka caɓin nan da ya yi maka makaranta. A gaban mutane ka ƙi shi, don haka a gaban mutane za ka je. Ka durƙusa a rumfarsa, abokan kasuwarsa suna gani, ka gaishe shi yadda ɗa yake gai da uba. In kun keɓe ka faɗi abin da ka yi da sunansa. Kada ka ce "in na ɓata maka", ka san ka ɓata. Ka ce, "Baffa, na ji kunyarka a gaban mutane, na ƙi cewa kai ubana ne, ka yafe min."

Kada ka riƙe kuɗi ko shadda a wannan zuwan. In ka kai, zai zama kamar ka zo biyan diyya, kuma zai ƙara tabbatar masa cewa yanzu da kuɗi kake lissafin komai. Kyauta tana da ranarta a gaba.

Ina kyautata zaton zai ce maka ba komai, har ya tambaye ka ko ka karya. Irinsu haka suke. Kada wannan ya sa ka ɗauka magana ta wuce. "Allah ya yi albarka" ɗin da ya ce maka a ƙofa, mutumin da aka soka ne ya zaɓi ya yi addu'a maimakon ya yi baki, ka san darajar wannan. Zuciyarsa za ta ɗauki lokaci. Ka riƙa zuwa, ran Asabar ka zauna a rumfar ka taya shi ƙirga, har ya daina ganin baƙo in ka shigo.

Saura ofis, kuma wannan ya fi wuya, ban ɓoye maka ba. Ka sami mutanen nan biyu ka ce musu, "Dattijon da kuka gani rannan ƙanin mahaifina ne, shi ya raine ni, shi ya biya min makaranta, ƙarya na yi muku." Kada ka ƙara da cewa yana da kuɗi ko babban ɗan kasuwa ne. Mai yiwuwa wani ya yi maka dariya, mai yiwuwa a sa maka suna na ɗan lokaci. Ba zan yi maka alkawarin za su tafa maka ba. Amma Yarbawan da na zauna da su mutane ne da namijinsu yake kwanciya ƙasa ya gai da babba, macensu ta durƙusa, sun san girman wanda ya raini mutum. Kuma da yawan masu kwat a Victoria Island, da kuɗin tiren uwa a ka aka yi musu karatu. Sannan ka je wurin masu gadin ka gaya musu, duk ranar da dattijon nan ya dawo, babanka ne, su ba shi kujera su kira ka.

TAMBAYA

Gwaggo, barka da aiki. Wani yaro yana neman 'yata, mahauci ne a mayankar Oko-Oba, ita ma tana sonsa. Yayyen mijina sun ce a zuri'arsu ba a taɓa ba mahauci mata ba, sun fi son wani da ke canjin kuɗi, yana da mota. Mijina ya yi shiru. Ni uwa ce, ina tsoron in yi magana a ce na raina dangin miji.

'Yar'uwarki, daga Agege

AMSA

'Yar'uwa, sannu da haƙuri. Ni ban san mahaucin nan ba, ban san mai canjin ba, don haka ba zan ce miki wannan ya fi wancan ba. Mahauci yana iya zama azzalumi, mai mota yana iya zama mutumin kirki. Abin da na sani, yayyen mijinki ma ba su san ko ɗaya ba, sana'a suka ji da mota suka gani. Annabi (SAW) ya ce in wanda kuka yarda da addininsa da halinsa ya zo muku, ku aura masa. Addini da hali kuwa bincike suke so.

Ba sai kin yi gaba da dangin miji ba. Ki sami maigidan naki cikin dare, ku biyu, ki roƙe shi abu ɗaya: ya tura mutum biyu masu amana su binciki samarin nan dukansu, da tambayoyi iri ɗaya. A tambayi limamin masallacin da kowanne yake salla ko yana ganinsa da asuba. A tambayi abokan sana'arsa yadda yake da bashi, in ya ci yana biya, in ya bayar yaya yake karɓa. A tambayi maƙwabta yadda muryarsa take in ransa ya ɓaci. A gano wa yake ci daga hannunsa a gida, kuma yaya yake yi wa mahaifiyarsa magana. In ɗayansu ya taɓa aure, a nemi jin dalilin rabuwa daga ɓangaren matar, ba daga bakinsa kaɗai ba. In an dawo da amsa, maigidan ya kai wa yayyensa, ya zama daga bakin ɗan'uwansu suka ji. Kafin nan ki zaunar da yarinyar ki tambaye ta me ta gani a wurin yaron, ki bar ta ta gama magana kafin ki ce komai.